Tsohon Zance da Sabuwar Murya: Sharhi a kan Sabunta Wasan Waƙa, daga Ofera zuwa Gaɓar Tafkin Kainji

Daga cikin rassan adabin Turawa akwai wani wanda manazartanmu ba su cika waiwayarsa ba, watau ofera. Ofera wasan kwaikwayo ne wanda galibin zancen da ke cikinsa rera shi ake yi, makaɗa kuma suna biye da 'yan wasa tun daga farko har ƙarshe. An fara shi a Italiya wajen shekarar 1600, a fadojin sarakuna da gidajen masu hali, daga baya ya bazu zuwa Faransa da Jamus da sauran ƙasashen Turai. Da zamani ya juya, sai masu wannan sana'a suka lura cewa furfura ta yi yawa a cikin 'yan kallonsu, samari da 'yan mata kuwa sun koma gidajen siliman da wuraren kiɗan zamani. Ɗaya daga cikin dabarun da aka ɓullo da su ita ce a ɗauki tsohon ofera a sake masa zubi, a mai da shi wasan kiɗa da rawa irin na zamani wanda Turawa ke kira miyuzikal.

Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne ta dubi wasu daga cikin waɗannan ayyuka na sabuntawa, ta ga inda suka dace da inda suka yi tuntuɓe, sa'an nan ta auna namu wasannin da wannan ma'auni. Za mu ƙarasa a ƙasar Yauri, saboda a ganinmu a can ne matsalar ta fi fitowa fili.

Abin da ake riƙewa da abin da ake saki

Babu oferan da aka fi yi wa sabon zubi kamar Carmen, wanda Georges Bizet ya tsara wa kiɗa, aka fara nuna shi a birnin Faris a watan Maris na 1875. Labarin wata mace ce mai aiki a masana'antar taba a birnin Sabil na ƙasar Sifen, wadda ta janye wani soja daga aikinsa da budurwarsa, daga baya ta bar shi ta koma wa wani gwanin wasa da bijimi, sojan kuwa kishi ya sa ya kashe ta. A 1943 Oscar Hammerstein ya ɗauke labarin ya kai shi cikin baƙaƙen fatar Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa masa suna Carmen Jones. Masana'antar taba ta koma ta ɗinkin lemar sojan sama, mai wasa da bijimi ya koma ɗan dambe, amma karin waƙoƙin Bizet bai taɓa su ba, baituka kawai ya sake. Wannan musanya ta bijimi da dambe ta nuna ya fahimci aikin da mutumin ke yi a cikin labarin, watau namiji ne wanda taro ke yi wa kirari saboda yana wasa da ransa a gaban jama'a. Da a Kano aka yi wasan, da ɗan hawan ƙaho ne daga cikin Rundawa zai tsaya a wannan gurbi, ba tare da an rasa kome ba.

A Afirka an sake ɗaukar labarin har sau biyu a fim, kuma hanyoyin da aka bi sun sha bamban. A U-Carmen eKhayelitsha na 2005, wanda ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Balin, an riƙe kiɗan Bizet, aka juya baitukan zuwa harshen Kosa, aka kai labarin wata unguwar talakawa da ke wajen birnin Kef. A Karmen Geï kuwa, wanda Joseph Gaï Ramaka ya yi a Senigal a 2001, labarin aka riƙe aka saki kiɗan, gangunan sabar na Doudou N'Diaye Rose suka maye gurbin gogunan Turawa. Wannan fim na biyu ya gamu da fushin mabiya ɗariƙar Muridiyya, saboda an rera ƙasidar Shaihu Ahmadu Bamba a wani wurin jana'iza da suka ga bai dace da ita ba, har hukuma ta dakatar da nuna shi. Duk mai niyyar irin wannan aiki a ƙasar Hausa ya kamata ya riƙe wannan labari, domin tsohuwar waƙa tana da masu ita, kuma ba kowace ce za a ciro daga muhallinta a dasa inda aka ga dama ba.

Wasan da ya fi samun shiga wurin matasa shi ne Rent na Jonathan Larson, wanda aka fara a Niyok a 1996, shekara ɗari cif bayan La Bohème na Puccini wanda daga gare shi aka ciro shi. A wurin Puccini matasa ne matalauta masu zane da rubutu a Faris, tarin fuka yana cin ɗaya daga cikinsu. Larson ya mai da su matasan Niyok waɗanda kuɗin haya ya gagara, ƙanjamau kuma yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kiɗan duk sabo ne, in ban da ɗan karin da ya tsakuro don tunawa da asali. Masu wasan kuma sun ware kujerun sahu biyu na gaba suna sayar da su dala 20 kacal, har ɗalibai suka riƙa kwana a bakin ƙofa suna jira. Wasan ya shekara goma sha biyu ana nuna shi a babban dandalin birnin. Abin da ya ja matasan shi ne sun ga tsoron da ke cikin zukatansu a kan dandali, kuma aljihunsu ya iya kai su wurin. Sabanin haka, Miss Saigon na 1989 ya ɗauke Madama Butterfly daga Japan ya kai shi Biyetnam, ya sauya tufafi da kiɗa, amma ya bar tsohon aibin yadda yake, watau macen Asiya da ke hallaka kanta saboda Ba'amurken da ya yashe ta. Mutanen Asiya mazauna Amurka sun daɗe suna sukar wasan a kan haka, kuma a ganinmu suna da gaskiya.

A nan gida Yarbawa sun riga mu nisa. Oba Koso na Duro Ladipo, labarin Sango da gangunan bata, ya fito daga Oshogbo a 1963 ya kai Balin a 1964. Wole Soyinka kuma a 1977 ya nuna Opera Wonyosi a Jami'ar Ife, wanda ya gina a kan The Beggar's Opera na John Gay na 1728 da sabon zubin da Brecht ya yi masa a 1928, ya yi amfani da shi ya caccaki almubazzarancin zamanin kuɗin man fetur da mulkin Bokassa.

Shin Bahaushe yana da nasa?

Idan ana nufin gini mai benaye da makaɗa hamsin a cikin rami gaban dandali, babu. Idan kuwa ana nufin labarin da waƙa ke ɗauke da shi, to, yaron Bahaushe ya san shi tun kafin ya san allo. Za mu kafa ma'auni guda wanda za mu yi aiki da shi har ƙarshen wannan sharhi: a cire waƙar daga cikin wasan a gani. In labarin ya ci gaba da tafiya lafiya lau, waƙar ado ce kurum. In kuwa ya rushe, to, waƙar ginshiƙi ce, kuma irin wannan wasa shi ne ɗan'uwan ofera.

A gwada wannan a kan tatsuniyar Daskin-da-Riɗi. 'Yan mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, ana tambayarsu da waƙa suna amsawa da waƙa, kowace tana faɗuwa saboda ba ta san sunan saurayin ba, har a zo kan wadda aka raina, wadda ladabinta ga tsohuwa ya sa ta sami sirrin. Maimaita waƙar shi ne ke tara ɗokin mai sauraro, kuma a cikin waƙar ne ƙullin ke warwarewa. In aka cire ta, abin da zai rage bai fi jimla uku ba. Haka abin yake ga wasannin tashe da yara ke farawa daga goma ga watan azumi. Jatau Mai Magani ba shi da wani zance ban da jerin magungunan da yake rerawa 'yan amshi suna karɓa masa, Mairama da Daudu kuwa darasi ne na zaman aure wanda 'yan mata ke kwaikwaya da waƙa daga farkonsa har ƙarshensa. Akwai shiga ta musamman, akwai gemun auduga da doron tsumma, akwai jagora da 'yan amshi, akwai 'yan kallo masu biya da hatsi ko kwabo. Su Turawa suna kashe kuɗi suna kwasar 'yan makaranta a mota zuwa gidan ofera don su saba da shi, mu kuwa yaran ne da kansu 'yan wasan, su ne kuma ke kai wasan ƙofar gidan manya. Ko a cikin mawaƙan zamani, Ɗanmaraya Jos a Jawabin Aure shi kaɗai da kuntiginsa yake zama miji ya zama mata.

Abin mamaki shi ne, da wasan kwaikwayo ya shiga rubutu sai ya bar waƙa a baya. Tun daga wasanni shida da Rupert East ya buga a 1930, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, zance ne tsantsa ke ɗauke da labari, in ma waƙa ta shigo to baƙuwa ce. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An rubuta su don aji da rediyo da yaƙi da jahilci, samfurin da aka bi kuwa na wasan makarantun Ingila ne. Aikin sabuntawa mafi girma da aka yi a wancan zamani shi ne na Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan dandali, Adamu Halilu kuma ya mayar fim a 1976. Aiki ne na ƙwarai, amma bai haifi 'ya'ya ba, don kuɗin hukuma ne ya ɗauke shi, da kuɗin ya janye sai hanyar ta toshe.

Fim ɗin bidiyo na Kano, wanda ake lasafta farkonsa daga Turmin Danya na 1990, shi ya dawo da waƙa cikin wasa, kuma ya sami matasa irin samun da babu wani gidan ofera a duniya da ba zai yi ƙyashinsa ba. Tun bayan Sangaya, a ƙarshen shekarun 1990, fim marar waƙa ya zama da wuyar sayarwa. Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi bayani mai gamsarwa a kan yadda fina-finan Indiya suka zama uwar wannan salo, kuma mu ba mu cikin masu ganin aro laifi ne. Masu bandiri da suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora musu begen Annabi, abin da Hammerstein ya yi wa Bizet shi suka yi, kuma sun yi shi da gwaninta. Sukarmu a kan fim ta fuskar zubi ce. A ɗora ma'auninmu a kan galibin waɗannan fina-finai, za a tarar ana tsayar da labari cik, saurayi da budurwa su sauya kaya su tafi lambu, su yi minti shida suna faɗin abin da mai kallo ya riga ya sani, sa'an nan a dawo inda aka tsaya. Shaida kuwa ita ce yadda ake yanke waƙoƙin a sayar da su daban, fim ɗin kuma a kalle shi ba tare da su ba, babu wanda ya yi asara. Kamfanin Sarauniya, wanda ya yi Sangaya, ya taɓa mayar da Daskin-da-Riɗi fim, kuma wannan ita ce hanyar da muke ganin ta fi cancanta a bi, amma kasuwa ta rinjaya zuwa wancan ɓangare. Fiyano kuma ta kori kalangu da sarewa da gurmi ta hanyar kwaikwayon muryoyinsu, har yaro ya tashi yana jin inuwar kayan kiɗan da bai taɓa ganin jikinsu ba.

Ƙasar Yauri

Yauri tana da kayan aikin da mai tsara irin wannan wasa zai yi mafarkinsu. Tana da kiɗan fada, don a nan ne gidan Ɗandawo ya zauna, Aliyu da ɗansa Sani, kuma waƙar fada da ma tana da jagora da 'yan karɓi da ƙari da zambo, watau muryoyi masu amsa wa juna. Tana da kokawar Gungawa da kaɗe-kaɗenta, wadda Frank Salamone ya yi nazari a kanta a shekarun 1970. Tana da Sarkawa da tsarin sarautunsu na ruwa da abin da suka sani game da dorina da kada da ayu. Tana da tarihi rubutacce, tun daga bayanan P. G. Harris na 1930 har zuwa binciken Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, a kan mulkin Yauri a ƙarni na goma sha tara. Ta nan Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ya hallaka a Busa, nan kuma 'yan'uwan nan biyu, su Lander, suka sauka a 1830 suna neman takardunsa.

Fiye da duk waɗannan, tana da labarin da har yanzu ba mu ga an ɗora shi a kan dandali yadda ya kamata ba. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964 aka gama a 1968, tafkin da ya taru ya miƙe fiye da kilomita 130 har ya iso Yelwa, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, watau tsibiri, aka kwashe da yawansu daga tsibiran da suka gada aka zaunar da su a tudu cikin gidajen siminti da hukuma ta zana, gonakin albasa na fadama da kaburburan kakanni suka koma ƙarƙashin ruwa. Wutar lantarkin kuma ta tafi birane masu nisa. Duk abin da Verdi ko Puccini ke nema a labari yana nan: rabuwa, da hukuncin da ya fi ƙarfin mutum, da jama'a masu magana da murya ɗaya. Ruwan kuma bai daina karɓar rayuka ba, kamar yadda hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ya nuna.

Abin da ake da shi a yanzu mafi kusa da dandali shi ne bikin Rigata da ake yi a Yelwa, wanda ya sami sabon ƙarfi a zamanin Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Sunan daga Ingilishi aka aro shi, amma abin da ake nunawa, watau gwanintar tuƙi da iyo da jerin gwanon jirage, gadon mayaƙa da mafarautan ruwa ne. Biki ne mai kyau, kuma ya sa yara da yawa sun ga abin da da sai dai su ji a bakin kakanni. Sai dai bikin hukuma yana da ɗabi'arsa a ko'ina yake, a Argungu ne ko a Yelwa. Ƙungiya takan fito ta yi 'yan mintoci gaban rumfar manyan baƙi, a tafa, mai sanarwa ya kira ta gaba. Rawa takan rabu da dalilinta, waƙa takan rabu da labarinta. Mai kallo zai ga Bagunge yana tuƙi, amma ba zai ji abin da ya same shi a 1968 ba, domin ba a shirya taron don a ba da labari ba. Wannan shi ne aibin Miss Saigon ta wata fuska, ga tufafi ga kiɗa, ma'ana kuwa ba a taɓa ta ba.

Akwai kuma wata matsala wadda mu masu nazarin Hausa ba mu cika son a tayar da ita ba. A Turai ana juya ofera daga Italiyanci zuwa harshen yaran da ake son jawowa. A Yauri da Ngaski da Shanga, harshen yaran shi ne Hausa, tsofaffin waƙoƙin kuwa da yawansu da Gunganci suke, wanda masu shi ke kira Tsureshe, ko da Kambarci, ko Lopanci, ko Shanganci, wanda ma ba dangin sauran ba ne, daga zuriyar harsunan Mande yake, kuma masu jinsa sun ragu ƙwarai. Ashe ke nan a wannan yanki Hausa ce ke zaune a kujerar da Ingilishi ke zaune a kanta a wasu wurare. Wanda ya ɗauki waƙar tuƙi ta Gungawa ya mai da ita Hausa, ya ɗora mata fiyano, zai sami 'yan kallo, amma ya ƙara tura harshen zuwa rami. Hanyar da muke ganin ta fi ita ce a bar zance da Hausa, waƙa kuwa a bar ta da harshen da aka haife ta a cikinsa, 'yan amshi ko mai ba da labari su riƙa warware ma'ana. Ba sabon abu ba ne. Bintou Wéré, oferan Sahel da aka nuna a Bamako da Faris a 2007, harsunan Afirka ta Yamma da dama aka haɗa a cikinsa. Tatsuniyoyinmu ma cike suke da waƙoƙi masu kalmomin da mai ba da tatsuniyar kansa ba zai iya fassarawa ba, yara kuwa ba su taɓa ƙin haddace su saboda haka ba.

Game da inda za a yi wasan, makarantar kwana ce a da take renon wasan kwaikwayo a Arewa, daga cikinta su Aminu Kano suka fara. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ya sa tara yara da dare a filin makaranta ya zama abin da iyaye za su yi dogon tunani a kansa, kuma ba za a zarge su ba. Saboda haka tsarin tashe ya fi dacewa da halin da ake ciki fiye da tsarin babban zaure: ƙungiya ƙarama, wasa gajere wanda bai wuce rabin sa'a ba, kayan kiɗa biyu ko uku na gaske, a yi shi da rana a harabar makaranta ko a mashigar jirage ranar kasuwa, a ɗauka da wayar hannu kamar yadda matasan ke ɗaukar kome. Malamin Hausa na sakandare da ɗalibin digiri na biyu mai neman batun bincike su ne za su iya fara wannan, kuma matakin farko na ɗaukar murya ne, tun kafin a kai ga rubuta fitowa ta ɗaya. Yaron da yake da shekara goma lokacin da aka ɗora kayan gidansu a jirgi a 1968, yau ya doshi saba'in, matan da suka san waƙoƙin daka da na reno na tsibiran kuwa sun girme shi.